Tuffar Zlata da Tarin Rassana

A garinmu, in watan Maris ya kama, ba sai an gaya maka halin mutum ba, ka je ƙofar gidansa kawai ka duba. Lokacin ne kowa ke rage wa itatuwansa rassa kafin su farka daga barcin sanyi, a fito da abin da aka sare a tara a bakin titi, ranar Laraba ta biyu motar ƙaramar hukuma ta zo da injinta ta niƙe. Tun da aka hana mu ƙonawa haka ake yi. Wani tarin nasa kamar an yi dambe a ciki. Wani kuwa, to, wani shi ne Vinko maƙwabcina.

Shekara arba'in da ɗaya shinge ɗaya ne tsakanina da mutumin nan, ban taɓa ganin ya jefar da reshe ba. Ajiyewa yake yi. Sai ya ware manya daban, ƙanana daban, ya datse duk mai ƙahoni don kada ya maƙale a bakin injin, ya jera su tushe wajen titi, kai wajen gida, yadda mai injin zai miƙa hannu kawai ya ja. Wanda ya fi damtsen mutum kauri ba ya shiga tari, na murhu ne. Ba waya, ba ƙusa, ba saiwa mai ƙasa, don tsakuwa ɗaya in ta shiga sai ta karya wa injin haƙori. Ƙananan kuma ya ɗaure su dami-dami da tsumagiyar bakin rafi, irin wadda muke ɗaure inabi da ita, wai ita ma itace ce, injin zai cinye ta tare da damin.

Ni kuwa Milka, Allah bai ba ni wannan haƙurin ba. Abin da na sare ja nake yi in watsa, wani kan wani, in karkaɗe hannuna in koma ciki in ɗora kofi. Duk shekara sai ya leƙo ta kan shinge.

"Suseda, wannan tarin naki ko aljani ba zai gane kansa da ƙafarsa ba."

Haka yake kirana, maƙwabciya, ni ma sused nake ce masa.

"Ai ba baje koli zan kai shi ba, sused. Niƙewa za a yi."

"Kafin a niƙe mutum ne zai ɗauka. Yana da baya, yana da yatsu."

"To mai gayya, in ya dame ka zo ka gyara."

Kuma sai ya zo ɗin. Yana mita yana gyarawa, ni ina taga ina dariya.

Aikin layin dogo ya yi, shekara talatin da biyar yana shimfiɗa katako da ƙarfe, shi ya sa idonsa ba ya jure karkataccen abu. Matarsa Zlata takan ce ko takalmansa na cikin gida sai sun kalli gefe ɗaya yake iya barci. Ita kuwa mace ce mai dariya da dukan jikinta, 'yar wani ƙauye can kan tudu. A watan Fabrairu aka yi bikinsu, kuma ranar da za a kawo ta mahaifinta ya naɗe 'yan sanduna uku a jiƙaƙƙen tsumma ya cusa mata cikin akwati, a tsakiyar zannuwan gado. Daga tuffar ƙofar gidansu ya yanko su. Vinko yana ɗan shekara ashirin da huɗu, bai taɓa yi wa itace aure ba, amma ya tono tuffar daji ya dasa a tsakar gida, ya haɗa. Biyu suka bushe, ɗaya ta kama. Gidan su Zlata kuwa tuni aka sayar aka rushe, uwar bishiyar ma aka tumɓuke. Ba wanda ya san sunan irin. Tuffar Zlata kawai muke cewa.

Tuffa ce mai wuyar hali. Ƙarama, fatarta da kaushi, in ka gatsa a watan Oktoba sai fuskarka ta tattare wuri ɗaya don tsami. Amma a shimfiɗa ta cikin busasshiyar ciyawa a ɗakin ƙasa a manta da ita, bayan Kirsimeti sai ta yi rawaya, ƙamshinta ya hauro har falo, ta kai mutum Ista ba ta ruɓe ba. Da ita Zlata ke naɗa shtrudla, gurasar nan mai tuffa a ciki, ta miƙo min ta kan shinge a faranti, da zafinta.

Shekarar da mijina Stanko ya rasu, Zlata ta turo Vinko da wuƙarsa ya ɗaura min reshe ɗaya na tuffarta a jikin babbar bishiyata ta kusa da shinge. Ta ce, "Don ki samu abin taunawa a watan da babu komai." Na yi godiya har da hawaye. To amma reshen nan da ya girma sai ya miƙe daidai kan igiyar shanyata. Ya zubo min 'ya'ya masu tauri kamar dutse a kan wanki, zanzaro ya bi su, ni kuma ba ni da haƙurin jiran abu har wata uku. Kwando-kwando nake mayar mata da su. Duk Maris in Vinko ya zo rage min rassa sai in ce, "Wannan ma sare shi." Sai ya ɗaga kai ya dube shi ya ce, "Sai baɗi." Shekara goma sha tara muna wannan baɗin.

Zlata ta rasu sanyi biyu da suka wuce. Ba zan yi dogon bayani ba, har yanzu in na taɓa wurin ciwo yake min. Ƙawata ce, ba ni da kamarta. Vinko bai yi kuka a gaban kowa ba, sai dai ya koma zama a ƙarƙashin bishiyar da hularsa a gwiwa. Ita ma bishiyar ashe cikinta ya ruɓe. A kakar bara iska ta tsaga rabinta ta kwantar a kan akurkin kaji, 'yarsu Nevenka ta zo daga birni ta kafe sai an sare sauran kafin ta faɗo wa babanta a ka. Ya daɗe yana ja, daga baya ya yarda.

Ya gaya min shirinsa ta kan shinge. "Na dasa tuffar daji bakwai a bayan gida. Kafin a kayar da ita zan yanki 'yan rassan aure, tohon bara masu kaurin fensir, in ajiye a ɗakin ƙasa. Bayan idin Yusufu Mai Tsarki, sha tara ga Maris, in haɗa su. Ko ɗaya ce ta kama, Zlata ba ta bar gidan nan ba."

Ranar Asabar mijin Nevenka ya zo da injin yanka ya kayar da ita. Na rufe tagata, ban so in ji. Ranar Litinin Vinko ya wuni yana jera rassanta a bakin titi, ban taɓa ganin ya yi wa wani tari irin wannan hidimar ba, har shafa su yake yi. Da rana ta yi sanyi sai na ji ƙara a wajen rijiyarsa. Na ruga na tarar da shi a ƙasa, santsin ƙanƙara ya kwashe shi, hannun damansa ya juya inda hannu ba ya juyawa. Motar asibiti ta tafi da shi yana ta ƙoƙarin gaya min wani abu, ni kuma ina cewa, "Yi shiru, sused, komai zan kula da shi."

Na kuwa kula. Kai, da ma ban kula ba!

Washegari Talata na tashi da ƙarfina. Na ce yau zan nuna wa tsohon nan ni ma na iya. Na ba kajinsa abinci, na share tsakar gidansa, na tsince duk wani tsinke. A gefen rijiya na ga wani ƙazamin buhu jiƙe sharkaf, a ciki ɗan dami na siraran rassa ɗaure da tsumagiya, irin ɗaurin da yake yi wa na niƙa. Na ce ka ga wanda ya manta. Na zazzage shi, na kai bakin titi na ɗora a saman tarinsa, har da juya tushen wajen titi ina yaba wa kaina. Buhun kuma na wanke na shanya a igiyarsa. A zatona rassan aurensa suna can ɗakin ƙasa, inda ya ce.

Da na dawo gidana zartonsa da na tsinta a tsakar gidansa yana hannuna, sai idona ya faɗa kan reshen nan na kan igiyar shanya. Na ce a raina, ai ga sababbi bakwai zai yi, me ake da wannan? Yau dai ba mai ce min sai baɗi. Na hau kujera na gurza, na gurza, na yanke shi ƙal a jikin bishiyar, ban bar ko ɗan dungu ba. Na ja shi waje na jefar a gefen katangata, na bi shi da duk tarkacen da na sare a makon.

Laraba da safe motar ta iso. Dragutin ne ke riƙe da injin, mutum mai furfura a kai amma har yau teta, wato inna, yake ce min, don na san shi tun yana yawo ba wando. Ya tsaya gaban tarin Vinko ya cire hula.

"Dubi aiki, don Allah. Da kowa haka yake yi da tuni na je gida na ci abincin rana."

Cikin ɗan lokaci suka cinye shi tas. Ina tsaye ɗan damin nan ya shige, ko ƙara bai yi ba. Suka juye ɓarɓashin a ƙofar Vinko, don shi kullum yana karɓar nasa. Sai suka matso gaban nawa.

"Teta Milka, wannan fa?"

"Rassa ne, ko ba ka gani?"

"Ina ganin waya. Ina ganin guntun ragar shinge. Wancan kuma mene ne, ƙafar kujera?"

"Ita ma ai itace ce."

"Da ƙusoshi a jiki. Haba teta! So kike in koma wa matata da yatsa tara? Bana mai gyara miki yana asibiti, ko? Sai zagaye na biyu, bayan mako uku, in kin warware shi."

Ba irin abin da ban faɗa masa ba, har kakarsa na ambata. Yana dariya ya ja motarsa, ya bar ni da tarina a bakin titi kowa na wucewa yana kallo.

Ranar Juma'a Nevenka ta dawo da Vinko, hannu cikin simintin ɗorin asibiti rataye a wuya. Na fito da tukunyar wake da kabeji ina jiran yabo. Bai kalli tsakar gidan da na share ba. Buhun ya gani a kan igiya, a bushe, iska na kaɗa shi. Ya tsaya cak.

"Suseda, abin da ke cikin buhun nan fa?"

"Ɗan damin? Na kai maka shi tari. Tushe wajen titi, yadda kake so."

Tun kafin in rufe baki na gane. Ashe jiƙa buhun ya je yi a rijiya don ya sauka da shi ɗakin ƙasa, santsi ya kwashe shi. Abin da yake ta son gaya min ke nan a bakin mota na ce ya yi shiru.

Ya taka a hankali ya zauna a kan kututturen. Na ce, "Kututturen ba zai yi toho ba?"

"Zai yi. Amma na daji zai fito, an yanke ta ƙasa da wurin auren." Sai na ga fuskarsa ta ɗan saki. "To, ba komai. Ai akwai naki."

Ya juya ya dubi bishiyata ta kan shinge. Farin tabon yana nan a jikinta, kamar faranti.

Da ya zage ni da na ji daɗi. Da ya ɗauki wani abu ya jefe ni. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, "Da zartona?"

"Da zartonka."

Ya gyaɗa kai. Na ajiye tukunyar a ƙasa na koma gida, na zauna a kicin na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'izar Zlata. Shekara hamsin da huɗu mutumin nan yana rainon abu, ni na gama da shi a wuni ɗaya, kuma wai taimako nake yi. Na tsani kaina ranar nan, ba zan ɓoye ba.

Ban san tsawon zaman da na yi ba, rana dai ba ta faɗi ba na ji muryarsa daga shinge.

"Suseda! Fito. Yaushe kika sare shi?"

Na fito ina share hanci. "Talata."

"Ina kika kai shi?"

"Yana cikin tarin can. Dragutin ya ƙi ɗauka, wai akwai waya."

"Sama ko ƙasa?"

"Can ƙasa. Shi na fara jefawa."

Ya dubi tarin. A gefen katangata ta arewa yake, inda rana ba ta kaiwa, dusar ƙanƙara ma ba ta gama narkewa a wurin ba. Ya ce, "Ɗauko safar hannu."

Ni ban san reshen da aka sare yana iya zama da rai ba, a wurina abin da ya bar bishiya ya mutu. Ya ce in ana sanyi, in yana inuwa, kuma idanunsa ba su buɗe ba, yakan yi kwanaki yana barci bai san an raba shi da uwarsa ba. Na faɗa wa tarin nan kamar mahaukaciya ina fizga ina watsawa, sai ya daka min tsawa.

"A'a! Za ki kakkarya shi. Ɗaya bayan ɗaya. Wannan ajiye nan. Juya shi mana, tushe wajen titi."

"Yanzu ma, sused? Yanzu?"

"Tunda kin ɗaga shi, ki ajiye shi daidai. Cire wayar can."

Haka muka yi, shi yana tsaye da hannu ɗaya yana ba da umarni kamar yana kan layin dogo, ni ina ja ina kuka ina zaginsa ƙasa-ƙasa. Ƙafar kujera ta fito, ragar shinge ta fito, har wata tsohuwar rariyata da na daɗe ina nema. Can ƙasa, kwance a kan dusar ƙanƙara, ga reshen. Ya durƙusa da ƙyar, ya sa farcen hagu ya kankare ɓawon wani siririn toho. Ya miƙo min in gani. Kore ne shar, har da danshi.

Leɓensa kawai na ga yana motsi, ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita. Na juya baya na yi kamar ina neman almakashi.

Tara muka samu masu kyau. Na naɗe su da kaina a buhun nan, na jiƙa shi, na sauka da shi ɗakin ƙasansa, shi yana bina a baya yana cewa in lura da matakala ta uku.

Bayan mako biyu lokacin aure ya yi, hannunsa kuwa yana cikin siminti. Ya ba ni wuƙarsa, wadda ko Zlata ba ta taɓa riƙewa ba. Ya sa na fara koyo a kan rassan banza, na lalata sun fi ashirin.

"Ba albasa kike yanka ba, suseda. Ja ɗaya, doguwa. Kada ki tsaya a tsakiya."

"In ka iya karɓi abinka."

"Da na iya ai da ban tsaya ina kallon wannan ta'asar ba. Sake."

Bakwai muka haɗa, ɓawo daidai da ɓawo, na ɗaure, na shafe da kakin zuma. Ni da ban iya jiran ruwa ya tafasa ba, na koma duk safiya kafin in sha kofi sai na zagaya bayan gidansa na tsuguna ina leƙen idanun sanduna. Kullum in tarar ya riga ni. Huɗu suka yi baƙi suka bushe. Ɗaya ta buɗe ido ta fasa. A makon farko na Mayu biyu suka fitar da ganye, ƙanana kamar kunnen ɓera.

Ranar ya ce in kawo baro. Muka je ƙofar gidansa inda ɓarɓashin nan yake tun Maris, bai bari kowa ya taɓa ba. Na cika baro na turo, ya tsuguna yana barbaza shi da hannun hagu kewaye da 'yan bishiyun, yana barin ɗan fili a jikin kowace.

"Uwarsu ce," ya ce. "Bari ta lulluɓe su, kada ƙasa ta bushe."

Na tambaye shi yaushe za su yi 'ya'ya. Ya ce shekara huɗu, ko biyar. Shekarunsa saba'in da takwas, dukanmu mun san lissafin, ba wanda ya furta. Ya karkaɗe gwiwarsa ya miƙe.

"In ba na nan, kada ki gatsa a Oktoba ki ce ba daɗi. Ki sa su a ciyawa, kada ɗaya ta taɓa ɗaya, ki rufe ƙofa. Sai Kirsimeti ta wuce. Za ki iya?"

Na buɗe baki zan mayar masa da magana yadda na saba, sai na fasa. Na ce zan iya.

Da na koma gida na sauka ɗakin ƙasana, na kwashe tsofaffin kwalabe daga kantar da ta fi sanyi, na goge ta, na shimfiɗa ciyawa. Na san da sauran shekara huɗu. In ciyawar ta tsufa sai in canja wata.